Foldar 'Yar Tsigi

Injiniya ya sake danna foldar. Kwamfutar ta yi shiru, ɗan zoben nan ya yi ta juyawa a kan allo, can sai ta dawo masa da amsar ɗazu: ba a sami hanyar zuwa wurin ba. Ya ja tsaki, ya ƙwala mawus ɗin a kan tebur, sai ka ce shi ya yi masa laifi. Daga cikin akwatin kwamfutar, a ƙarƙashin tebur, wani abu yana ta ƙas, ƙas, ƙas. Ya daɗe yana jin wannan ƙarar, har kunnensa ya saba da ita.

A falo kuwa ƙarar salatif ce ke tashi, ana liƙe kwalaye. Malama ce, matarsa. To, wadda ta kasance matarsa. Aure ya riga ya mutu, abin da ya riƙe ta a gidan shi ne neman wurin zama kusa da makarantar da take koyarwa, kuma ta samu. Yau da yamma yayanta zai zo da mota ya kwashe ta da kayanta.

Foldar kuwa ba ta aiki ba ce. Hotuna ne da bidiyoyin 'yarsu tilo, wadda suke kira 'Yar Tsigi saboda ƙanƙantarta da yawan tsalle-tsalle. Tun daga ranar da aka haife ta har zuwa makon da zazzaɓi ya ɗauke ta tana da shekara shida, komai yana ciki. Wayar da aka ɗauki hotunan da ita ta daɗe da lalacewa. In ka cire foldar nan, abin da ya rage na yarinyar a duniya shi ne takalmin makaranta da 'yan zane-zanen da ta yi a bangon kicin.

A faɗansu na ƙarshe Injiniya ya nuna Malama da yatsa ya ce, "Ki kwashe har tsintsiya in kin ga dama. Amma hoton yarinyar nan, ko ɗaya ba za ki fita da shi daga gidan nan ba." Ta dube shi, ta buɗe baki kamar za ta ce wani abu, sai ta fasa. Shi kuwa ya ɗauki shirun nan a matsayin ya yi nasara.

Don shi a wurinsa ita ta kashe yarinyar. Ba ya faɗa da wannan kalmar, amma haka yake nufi. Ranar da zazzaɓin ya fara, ta ba ta magani, ta bar ta wurin maƙwabciya, ta tafi kula da jarrabawa. Likita ya ce ba laifin kowa ba ne, irin ciwon ne mai saurin tsiya. Injiniya ya ji, amma bai karɓa ba. Abin da ba ya taɓa tunawa shi ne, a safiyar ta kira shi yana wurin aikin shimfiɗa bututun ruwa a wani gari, kuma shi da bakinsa ya ce mata, "Haba, ɗan zazzaɓi ne, ba ta magani ki tafi aikinki." Ɗan Adam ke nan, laifi tudu ne.

Yau da zai ga ta tafi, sai ya ji yana so ya tabbatar abinsa yana nan. Ga shi kuma abin ya ƙi buɗewa.

Ya kashe kwamfutar ya kunna. Babu. Ya zare wayar da ke bayanta ya hura, ya mayar. Babu. Sai ya tuna da rauta, 'yar na'urar wayifai da ke bayan talabijin a falo. Dole ya ratsa ta gaban Malama. Ya haɗe rai, ya fita, ya tsallake wani kwali da aka rubuta wa "littattafai", ya zare filogin na'urar ya tsaya yana kallon bango. Tana durƙushe tana naɗe kofuna da tsohuwar jarida. Ko kai ba ta ɗaga ba. Ya mayar da filogin, fitilun suka dawo kore ɗaya bayan ɗaya, ya koma ɗaki ya danna. Amsar dai ita ce.

Mutane suna jin an ce Injiniya sai su ɗauka komai mai waya a jiki ya sani. Shi ruwa ya sani da bututu. Ya ɗauki waya ya kira ƙaninsa, wanda ke kula da kwamfutoci a wani banki.

"Yaya, barka da rana. Lafiya dai?"

"Wata folda ce ta ƙi buɗewa. Ta Tsigi."

Muryar ƙanin ta sauka. "To, bari mu duba. Kai, tsaya. Wannan ƙarar da nake ji fa? Har yanzu ba ka canza faifan ajiyar nan ba? Yaya, wannan kukan mutuwa yake yi. Wata rana zai tsaya cak ya tafi da duk abin da ke kansa."

"Ban kira ka wa'azi ba."

"Allah ya huci zuciyarka. Sa'arka ɗaya ma, hotunan ba a kansa suke ba."

"Ba a kansa suke ba kamar yaya? Ga su ina kallo."

"Duba gindin foldar, ta hagu. Akwai wata 'yar kibiya?"

Injiniya ya matso da fuskarsa jikin allon. Akwai. 'Yar mitsitsiya, a lanƙwashe. Bai taɓa lura da ita ba.

"To, wannan ba ita ce foldar ba, ƙofa ce kawai. Hotunan suna cikin laftof ɗin Anti, taka leƙawa take yi ta wayifai. Ni na haɗa muku da hannuna, ka manta? Lokacin da Tsigi ta cusa cingam a ramukan laftof ɗin, filashin kwasar fayiloli ya daina shiga. Har ka ce sai ka zane ta, ta ɓoye a bayana."

Injiniya ya tuna cingam ɗin, ya tuna dariyar. Sauran bayanin kuwa, ranar yana karanta jarida ne yana cewa to, to. Ashe abin da ya rantse ba za ta fita da shi ba, a hannunta yake tun farko. Ashe abin da ta buɗe baki za ta faɗa masa ke nan.

"Yanzu shiga wurin da ake ganin kwamfutocin da ke kan layin gida," in ji ƙanin. "Guda nawa ka gani?"

"Ɗaya. Tawa."

"To, kai kaɗai ne a gidan ke nan, Yaya." Ya fara dariya, sai ya ji abin da ya faɗa, dariyar ta maƙale. "Ina nufin, tata ba ta kan layi. Sai ta kunna ta hau wayifai ɗin. Ba wata dabara, sai ka yi mata magana."

Magana! Mutumin da ya shafe watanni in zai ce a rufe taga sai dai ya tashi ya rufe da kansa. Ya zauna yana jujjuya wayar a hannu. Girman kai rawanin tsiya, amma wanda ya naɗa shi ba ya jin nauyinsa sai ranar sunkuyawa. Da ƙyar ya miƙe.

Laftof ɗin yana kan teburin cin abinci, a rufe, caja a naɗe a kansa. Ya tsaya a bakin falo ya yi gyaran murya.

"Kwamfutarki nake so ki kunna."

Malama ta ɗago. Ta rame, ya lura, zoben hannunta ma babu. "Me za a yi da ita?"

"Foldar yarinya ta ƙi buɗewa."

"Ai ba za ta buɗe ba. Tawa ba ta kan wayifai ɗinka."

"Wa ya cire ta?"

"Kai. Ka canza masa suna, ka canza kalmar sirri. Tun watan da ka daina cin abincina. Tun daga lokacin, da intanet ɗin wayata nake haɗa ta." Ta ajiye kofin da ke hannunta a hankali. "Wai yau ka gano? Na ji kana gaya wa 'yan'uwanka kullum da safe sai ka kalli yarinyar kafin ka fita."

Ya ji kamar ta watsa masa ruwan zafi. Abin haushin ma, ba ƙarya yake yi gaba ɗaya ba. Kullum da safe yana zama a gaban allon, ya kai kibiyar mawus kan sunanta, ya yi ta kallon sunan. Dannawar ce ba ya iyawa. Amma wannan ba maganar da zai faɗa mata ba ce, gara ta ɗauke shi maƙaryaci.

Ba ta jira amsa ba. Ta goge hannu a zaninta, ta ja kujera, ta buɗe laftof ɗin. "Faɗi kalmar."

Ya yi tsuru-tsuru. Ranar da ya zaɓi kalmar yana cikin fushi, kuma bai taɓa zaton zai furta ta a gabanta ba.

"Ina jin ka."

"Gidana ne," ya ce, can ƙasan maƙoshi.

Yatsunta suka tsaya a kan madannai. Sai ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "A haɗe?"

"A haɗe."

"Ƙananan baƙaƙe?"

"Eh."

Ta buga. Laftof ɗin ya hau layi. Ya koma ɗaki da sauri ya danna, amma har yanzu ƙofa a rufe. Ya dawo ya sake kiran ƙanin, ya buɗe muryar wayar ya ajiye ta a tsakaninsu a kan tebur, kamar alƙali.

"Anti! Ina wuni? Kwana biyu."

"Lafiya lau, ƙanina. Ya banki? Ya amaryar tamu, ta fara iya tuƙin ko har yanzu tana gogar katanga?"

"Wallahi jiya ma ta goga, Anti."

Injiniya ya ɗaure fuska. Da kowa tana da fara'a, har da jininsa.

"Anti, tunda an canza sunan layin, kwamfutarki ta ɗauke shi baƙon wuri, shi ya sa ta kulle kanta. Shiga wurin saiti. Za ta tambaye ki wani abu."

Malama ta karanta a fili, muryarta ba hawa ba sauka. "Tana tambaya, nan gida ne, ko wurin jama'a?"

Firiji ne kawai ke gurnani a kicin.

"Zaɓi gida, Anti," in ji ƙanin a hankali. "Don aikin ya yiwu."

Ta zaɓa. Ya sa ta kunna wani abu, ta kashe wani, sannan ya ce Yaya ya je ya gwada. Injiniya ya ɗauki wayar ya shiga ɗaki. Yanzu kwamfuta biyu ne a jerin. Ya danna, sai ga foldar ta buɗe, ƙananan hotuna suka cika allo jere-jere. Ya kawar da kai.

"Ta buɗe," ya ce.

"Madalla. Yanzu ka zaɓe su duka ka kwafo su. Amma Yaya, ka saurare ni da kyau. Kwafa za ka danna. Akwai wata alama kusa da ita mai kama da almakashi, kar ka taɓa ta. Anti ta ba ka cikakken izini a kan foldar tun farko, in ka danna almakashin, duk wanda ya iso wurinka zai ɓace daga wurinta, kuma ba kwandon shara zai tafi ba. Sannan don Allah ka bari in zo ƙarshen mako in canza maka faifan nan. Ana kirana, sai anjima."

Injiniya ya zaɓe su duka. Alamomin biyu suna nan gefe da gefe. Ya kai kibiyar kan kwafa.

Sai ya jiyo ta daga falo. Wata ƙawarta ce ta kira, ba ya jin abin da ake faɗa, amma ya ji dariyar. 'Yar gajeriyar dariya ce, irin ta wanda ya gaji. Shi dai abin da ya ji shi ne uwar da ta binne 'yarta tana dariya a ranar da za ta bar gidan, bayan ta sa ya faɗi kalmar nan da bakinsa, bayan ta kama shi da ƙarya. Za ta tafi da yarinyar a jaka, shi a bar masa kwafi kamar sadaka. Kuma ai ya riga ya faɗa, ko ɗaya ba za ta fita da shi ba. Magana zarar bunu ce. Zuciya ta ciyo shi, ya matsar da kibiyar kaɗan, ya danna almakashi.

Wani kore-koren layi ya bayyana, ya fara rarrafe. Sunayen fayiloli suna wucewa a ƙarƙashinsa, sunayen da Malama ta sa musu da kanta: haƙorin farko, Tsigi da kyanwa, ranar shiga makaranta, Tsigi ta yi wa Baba shayi. Bidiyoyin suna da nauyi, wayifai ɗin kuma ba shi da ƙarfi a wannan ɗakin. Ya zauna ya harɗe hannu yana jiran daɗin da ya zaci zai ji. Daɗin bai zo ba.

Layin bai kai rabi ba aka yi hon a waje. Yayanta ne ya iso da wuri, wani ƙaton mutum mai 'yar motar ɗaukar kaya. Ya leƙo ɗakin ya ce sannu, Injiniya ya ce yauwa, gaisuwar ta ƙare a nan. Aka shiga jidar kaya. Kwalaye suka fita, katifa ta fita, keken ɗinki ya fita, falo ya fara amsa kuwwa. Teburin cin abincin ma nata ne, mahaifinta ya saya mata.

Ta zo bakin ƙofarsa rungume da laftof ɗin a buɗe, ta rage hasken allonsa har ya yi duhu don kada batir ya ƙare.

"Ya kai ina?"

"Rabi."

"To, zan zauna a mota. A nan jikin tagarka ma yana kamawa."

Ta sa yayanta ya matso da motar gindin tagar. Rana ta buɗe sosai, motar ba ta da na'urar sanyi. Injiniya yana zaune, labule ne kawai tsakaninsa da su.

"Ke, wai me muke jira?" in ji yayan. "Ina da wani ɗaukar kayan fa kafin dare."

"Hotunan Tsigi yake kwafa, Yaya. Ka yi haƙuri."

"Hotuna? Mutumin da ya ce ke kika kashe ta? Rufe abin nan mu tafi, ya ci kansa."

"Ubanta ne," ta ce. "In na rufe yanzu rabi zai samu. Ba zan raba masa ita biyu ba."

Hannun Injiniya ya tafi kan mawus, ya kai kibiyar wurin dakatarwa. In ya dakatar, rabi na wurinsa, rabi na wurinta, kuma sai ya fita ya yi bayani da bakinsa a gaban ƙaton nan. Sai ya ce wa kansa, bari ya gama tukuna, in ya gama sai in mayar mata da kwafi, ai abu ne mai sauƙi, zan ce kuskure aka samu. Ya janye hannun. Layin ya ci gaba da rarrafe, akwatin da ke ƙarƙashin tebur yana ta ƙas, ƙas, ƙas, ya fi ɗazu ƙarfi.

Ya ji yayan ya sauka ya sayo ruwa. Ya ji ta ce ba ta sha.

Can layin ya cika, ya ɓace. Foldar da ke ɓangarenta ta zama fari fat, da ɗan rubutu a sama wai babu komai a ciki.

Aka ƙwanƙwasa gilashin tagar. Ya ja labule. Tana tsaye, goshinta sharkaf da gumi.

"Ya gama?"

"Ya gama."

Kalma ɗaya ce ta rage masa. Tsaya. Ya ji ta a kan harshensa, ya ga yayan yana kallonsa daga mota hannu a kan sitiyari, ya ga idonta da babu komai a ciki sai gajiya. Bakin ya ƙi buɗewa.

Ta rufe laftof ɗin ba tare da ta duba ba. "Ka bar ƙaninka ya canza maka faifan nan, har waje ake jin kukansa. In wani abu ya same su, ka kira ni, kar ka ji nauyi." Ta ɗan bubbuga bayan laftof ɗin da tafin hannu, yadda take bubbuga bayan yarinyar in za ta yi barci. "Ai suna nan wurina."

Motar ta tashi. Yana tsaye har ƙararta ta ɓace a kwanar layi. Da ya juyo, kwamfuta ɗaya ce ta rage a jerin.

Ya zauna. Yau kam ya danna. Bidiyon da ya buɗe na kicin ne, Tsigi a kan kujera da fensir mai launi, tana zane a bango. Ba a ganin mai ɗauka, muryarta kawai ake ji tana dariya tana cewa, "Ke, Babanki zai zane mu ni da ke."

"Mama, ina Baba?"

"Yana wurin aiki."

"To ki ajiye masa ya gani. Kar ki goge."

"Ba zan goge ba."

Yarinyar ta juyo za ta nuna zanen, hoton ya daskare a nan, bakinta a buɗe, hannunta a sama. Ɗan zoben ya fara juyawa. Ƙas, ƙas, ƙas. Ya girgiza mawus, kibiyar ba ta motsa ba, kwamfutar ta tsaya cak.

A kan tebur wayarsa ta haska ta fara ruri. Bai taɓa canza sunan da ya sa mata ba, Maman Tsigi. Ya zuba wa wayar ido har ta katse, sannan ta sake farawa.